Rangwame Bisa Kogin Sen: Nazarin Fim Ɗin «Sur l'Adamant» na Nicolas Philibert

Fim ɗin yana buɗewa da waƙa. Wani mutum da shekaru suka fara cimma, wanda fuskarsa ta nuna ya sha jiki, yana rera «La Bombe humaine», waƙar da ƙungiyar Téléphone ta fitar a 1979, wani kuma yana kaɗa masa gita a gefe. Muryarsa a dishe take, amma yana furta kowace kalma kamar shi ya tsara ta. Ba a gaya wa mai kallo sunan ciwonsa ba, ba a kuma ce ga yawan shekarun da ya yi yana jinya ba. Sai bayan waƙar ta ƙare ne ake ganin inda ake: wani gini na katako mai hawa biyu yana zaune bisa ruwa, ɗaure a gaɓar kogin Sen a tsakiyar birnin Paris, tagoginsa suna buɗewa a hankali da sanyin safiya.

Sunan ginin Adamant. An buɗe shi a 2010, kusa da gadar Charles-de-Gaulle, domin manya masu fama da taɓin hankali waɗanda ke zaune a gundumomi huɗu na farko na Paris. Wuri ne na yini: mutum ya zo da safe, ya sha kofi, ya shiga zane ko ɗinki ko kiɗa, ya ga likita idan da buƙata, da yamma ya koma inda yake kwana. A lokacin da aka ɗauki fim ɗin reshe ne na asibitin Saint-Maurice, wanda ya gaji tsohon gidan mahaukata na Charenton, kuma majinyata da ma'aikata sun sa baki cikin yadda aka zana shi tun kafin a gina. A nan Nicolas Philibert ya kafa kyamararsa na tsawon watanni a 2021, lokacin da takunkumin korona yake kan fuskokin mutane. Fim ɗin da ya fito daga wannan zama, mai tsawon minti 109, shi ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na Barlin a watan Fabrairu na 2023, abin da ba safai yake samun fim na zahiri ba, wato wanda ba ƴan wasa suka shirya ba.

Philibert ba baƙo ba ne a wannan fage. An haife shi a 1951, kuma duniya ta fi saninsa da «Être et avoir» na 2002, labarin wata ƴar makarantar ƙauye mai aji ɗaya. Amma tun kafin nan ya yi «La Moindre des choses», wanda ya fito a 1997, a asibitin La Borde, inda majinyata da masu jinyarsu suke shirya wasan kwaikwayo tare. Salonsa bai canja ba tun daga lokacin. Babu muryar mai sharhi. Babu rubutu a ƙasan hoto da zai ce wannan likita ne, wancan majinyaci. Tun da yake a Adamant ba mai sa farar riga, mai kallo yakan yi minti biyar yana sauraron mutum kafin ya gane ɓangaren da yake, wani lokaci ma ya yi kuskure, kuma wannan kuskure darasi ne da daraktan ya shirya masa da gangan.

Mai karatu a Nijar yana da ma'aunin da zai gwada wannan salo da shi, domin kyamarar Faransa ta taɓa kallon abin da aka kira hauka a tsakanin mutanen wannan ƙasa. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki «Les Maîtres fous» a kewayen Ankara ta ƙasar Gana, tsakanin ƴan ci-rani da suka fito daga yankin kogin Kwara masu bautar iskokin da ake kira Hauka. A cikin wancan fim muryar Rouch ba ta hutawa: ita ke faɗin wane iska ya hau wa, ita ke fassara kumfar baki da zaren ido. A ƙarshe ya nuna mutanen washegari suna aikin haƙa a kusa da asibitin mahaukata na Ankara, fuskokinsu a sake, ya kuma yi tambaya ko sun san wani magani da Turawa ba su sani ba. Tambaya ce ta girmamawa, sai dai shi ya yi ta, shi kuma ya nuna amsarta, mutanen da ake magana a kansu ba su ce uffan ba. Philibert ya juya lamarin. A Adamant majinyata ke riƙe da zance, har wata daga cikinsu takan juyo ta yi wa mai ɗaukar hoton tambayoyi game da kansa, shi kuma ya amsa daga bayan kyamara. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk abin da za a faɗa nan gaba na suka bai rage shi ba.

Abin da suke faɗa ma ya isa a saurara. Mutumin da ya rera waƙar farko ya zauna daga baya ya yi bayani dalla-dalla cewa hira da zane suna da amfani, amma in ba don magani mai ƙarfi ba babu hirar da za a iya yi da shi, domin idan ya daina sha yakan ɗauki kansa Annabi Isa. Ya faɗi haka ba tare da kunya ko neman tausayi ba, kamar manomi yana bayanin gonarsa. Wani dattijo mai son kiɗa da zane ya haƙiƙance cewa wani fitaccen daraktan Jamus ya ɗauki labarinsa ya sa a fim. Wata uwa tana maganar ɗanta da aka karɓe daga hannunta. Wani kuma yana bayyana yadda mutane suke kallonsa cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Philibert ba ya yanke zancen a daidai wurin da zai fi ba da mamaki ko dariya, yana barin mutum ya kai aya, ya yi shiru, ya sake ɗauka. A ɗakin zane, kowa yakan ɗaga abin da ya zana ya bayyana shi, sauran su yi tambaya, kuma tambayoyin na gaske ne, babu lallashin da ake yi wa yaro.

Wuri ɗaya ne kuɗi yake fitowa fili a cikin fim ɗin, kuma wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai wata ƴar mashaya a cikin jirgin inda ake sayar da kofi, majinyata ne suke tsaron ta bi da bi. Lokaci zuwa lokaci sai a zube tsabar da aka tara bisa tebur, majinyata da ma'aikata su haɗu suna ƙirga, ana rubutawa, lissafi ya ƙi daidaita, a sake komawa daga farko. A wani wuri kuma an ga ƴan jirgin sun je kasuwa sun tsinto ƴaƴan itacen da aka zubar, sun yanke ruɓaɓɓen gefe, sun dafa sauran da sukari, sun zuba a kwalabe domin a sayar. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka hanyar kashe lokaci ce kawai. Alhali kuwa wannan ƙirgan tsaba shi ne ginshiƙin wata makaranta ta likitancin ƙwaƙwalwa da aka haifa cikin yunwa.

A zamanin da Jamus ta mamaye Faransa, tsakanin 1940 da 1945, kimanin mutum dubu 45 suka mutu da yunwa da cututtukan da take jawowa a gidajen mahaukatan ƙasar, a kulle, ba mai kai musu ɗauki. A wani asibiti na kan duwatsu mai suna Saint-Alban, wani likita ɗan Kataloniya da ya tsero daga yaƙin basasar Sifen, François Tosquelles, shi da abokan aikinsa suka buɗe ƙofofi. Majinyata suka fita aiki a gonakin manoma, suna musayar abin da suka ƙera da abinci, mace-mace kuma ta yi sauƙi a can idan aka gwada da sauran wurare. Daga nan aka fahimci cewa asibiti kansa yana iya zama marar lafiya, kuma dole a yi masa magani kafin ya yi wa wani. Aka kafa ƙungiyar majinyata mai asusunta, mai jaridarta, mai taronta. Jean Oury ya kai wannan tsari La Borde a 1953. Frantz Fanon ma a hannun Tosquelles ya yi horo kafin ya tafi asibitin Blida a Aljeriya a wannan shekarar, inda ya buɗe wa majinyata wurin shan kofi irin na garinsu. Saboda haka tsabar da ake ƙirgawa a Adamant tana da kakanni. Ma'anarta ita ce mutumin da aka amince ya riƙe asusu, an mayar masa da wani abu da ciwo da asibiti suka ƙwace.

Philibert ya san wannan tarihi sarai, ya kuma nuna shi ba tare da ya yi lacca ba. Matsalar ita ce wannan tsaba ita kaɗai ce kuɗin da ya bari aka gani. A cikin minti 109 babu wanda ya tsaya gaban akawu. Babu takardar magani da aka ninke aka sa aljihu domin babu abin saye. Babu ɗan'uwa da ya ja likita gefe ya tambaye shi ko akwai wani magani mai rahusa. Ɗan Faransa da ke kallo ba zai lura da wannan rashi ba, kamar yadda mai rijiya a tsakar gida ba ya lissafin ruwa. Mai kallo daga Maraɗi ko Damagaram kuwa shi zai fara gani, kuma tambayarsa ta farko ita ce wa yake biya.

Amsar tana nan, ko da yake fim ɗin bai ba da ita ba. A watan Oktoba na 1945 Faransa ta kafa asusun kare jama'a da ake kira Sécurité sociale, wanda reshensa na inshorar lafiya yake karɓar kaso daga albashi da haraji yana biyan jinya. A ranar 15 ga Maris 1960 wata takardar umarni ta ma'aikatar lafiya ta raba ƙasar yanki-yanki, kowane yanki mai kimanin mutum dubu 70, aka ɗora wa tawaga ɗaya ta likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya alhakin mutanen yankin, ko suna kwance a asibiti ko suna gida. Dokokin 1985 suka tabbatar da tsarin. Shi ya sa Adamant yake karɓar mutanen gundumomi huɗu kawai, kuma shi ya sa ganin likita a cibiyoyin yanki ba a biyan ko sisi. Bayan haka akwai jerin cututtuka masu daɗewa waɗanda inshora take ɗaukar nauyinsu ɗari bisa ɗari, kuma na 23 a jerin shi ne ciwon ƙwaƙwalwa mai daɗewa. A lokacin da aka ɗauki fim ɗin, abin da ya rage kan irin wannan majinyaci shi ne rabin yuro a kan kowane kwalin magani, wanda ba ya wuce yuro 50 a shekara, sai kuma yuro 15 na kowane kwana idan an kwantar da shi, wanda sau da yawa wata inshorar ta biyu take ɗauka. Wanda ciwo ya hana shi aiki yana iya samun alawus na nakasa, wanda ya ɗan haura yuro 900 a wata a 2021, ya kuma wuce yuro 1000 a watan Afrilu na 2024. Idan aka juya shi zuwa sefa ya haura dubu 650, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar an ɗaga shi ne zuwa dubu 42 a 2024. Gaskiya ne cewa hayar ɗaki a Paris tana cinye kaso mai yawa, kuma mai wannan alawus talaka ne a ƙasarsa. Duk da haka shi ne dalilin da ya sa mutumin da ya rera waƙar farko yake iya magana a kan maganinsa a matsayin abin da yake sha kullum, ba abin da yake samu idan an dace ba. Inshorar lafiyar Faransa tana kashe fiye da yuro miliyar 20 a kowace shekara a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da magungunansu, kuma wannan yana cikin mafi girman abin da take kashewa.

Hausawa sun ce hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. An saba jin karin maganar a matsayin izgili ga wanda ya taɓa ciwo, amma likita zai iya karɓar rabinta: wasu cututtukan ana warkewa sarai, wasu kuma, kamar hawan jini, ana zama da su lafiya muddin ba a yanke magani ba. Kalmar rangwame kuwa a kasuwa ma ana amfani da ita, kuma a wannan ciwo ma'anonin biyu a ɗaure suke da juna. Magungunan da aka fi bayarwa a yammacin Afirka tsofaffi ne, irin su chlorpromazine, wanda likitocin asibitin Sainte-Anne na Paris suka gwada a 1952, da haloperidol. Ƙwaya ɗaya ba ta da tsada. Tsadar tana cikin rashin yankewa: wata bayan wata, shekara bayan shekara, ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban gari, ga wanda zai bar gonarsa ya yi rakiya, ga abincin da za a kai asibiti idan an kwantar. Jinyar kyauta da Nijar ta shigo da ita wajen 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa da wasu fannonin lafiyar mata, ciwon ƙwaƙwalwa ba ya ciki. Iyali ne inshora. Idan rumbu ya yi ƙasa sai a tsallake wata ɗaya, ciwo ya dawo, a ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, a koma wurin malam ko gidan bori, wani lokaci a ƙare a turu. Sau da yawa ana ɗora wannan kan jahilci. Wanda ya kalli «Sur l'Adamant» da idon lissafi zai ga cewa wani ɓangare mai girma na abin da ake kira wayewa game da taɓin hankali takardar biya ce da wani ya ɗauke.

A nan ne shirun Philibert ya zama aibi. Fim ɗin yana sa mai kallo ya ji cewa abin da ya bambanta Adamant da sauran wurare shi ne kirkin ma'aikata da haƙurinsu da iya sauraro. Suna da waɗannan halaye, babu shakka. Amma haƙuri a asibiti lokaci ne, lokaci kuma albashi ne. Ma'aikacin da ya zauna awa guda yana ƙirga tsaba da majinyaci, wani kasafi ne ya ba shi wannan awa. Takwaransa da ke da majinyata arba'in a layi ba ya rasa kirki, awar ce ba ya da ita. Fim da ya nuna furen ya ɓoye taki yana iya sa a zargi ma'aikatan wasu wurare da laifin da ba nasu ba, yana kuma iya sa masu mulki su yi tafi su tafi, tun da ba a nemi kome daga gare su ba.

Kuma ko a Faransa ɗin Adamant tsibiri ne. Fiye da rabin gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa sun ɓace tun daga shekarun 1970, ba tare da cibiyoyin gari sun samu ƙarfin da zai cike gurbin ba. Guraben likitoci masu yawa babu kowa a kansu, kuma a wasu yankuna akan yi watanni ana jiran ganin likita a cibiyar da ake cewa kyauta ce. A 2018 ma'aikatan asibitin Rouvray kusa da Rouen sun yi yajin cin abinci na fiye da mako biyu kafin a amince a ƙara musu ma'aikata 30. Sai a 2022 inshora ta fara biyan ganin masanin halayyar ɗan Adam mai zaman kansa, zama takwas a shekara, aka ƙara zuwa 12 a 2024. Gwamnati ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin babbar manufar ƙasa ta 2025, wanda shi kansa amincewa ne cewa lamarin ya lalace. Duk wannan Philibert ya taƙaita shi cikin ƴan layuka da ya rubuta a allo a ƙarshen fim, inda yake cewa akwai wuraren da suka ƙi miƙa wuya, yana kuma tambayar har yaushe za su jure. Layukan sun zo a makare, kuma ba su kira kowa da suna ba. Ɗan Faransa zai cike gurbin da abin da ya karanta a jarida. Fim ɗin kuwa an nuna shi a ƙasashe da yawa bayan kyautar Barlin, ga mutanen da ba su karanta wannan jarida ba.

Za a iya kare shi da cewa ba aikin mai fim ba ne ya yi rahoton kasafi, kuma an riga an cika kasuwa da hotunan baƙin ciki. Frederick Wiseman ya nuna wulaƙancin wani gidan mahaukata na Amurka a «Titicut Follies» a 1967, har kotu ta hana nuna fim ɗin ga jama'a sai a 1991. Raymond Depardon ya nuna a «12 jours» na 2017 yadda ake kai wanda aka kwantar ba da sonsa ba gaban alƙali cikin kwana 12, kamar yadda doka ta tanada. Philibert yana da ikon ya ce shi abin da yake aiki ya zo nunawa, domin a san cewa mai yiwuwa ne. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ba a nemi ya sa jadawali a allo ba. Mutanen da ke cikin jirgin suna da takardun inshora da ake sabuntawa, da wasiƙun ofis da suke rikita su, wasu ma suna da wakili da kotu ta naɗa ya riƙe musu kuɗi. Wannan ma rayuwar yau da kullum ce, daidai da zane da waƙa, kuma daraktan da ya iya fitar da ma'ana daga ƙirgan tsabar kofi ba zai kasa fitar da ita daga cike takarda ba.

Akwai wani abu kuma da mai kallo na wannan yanki zai gani wanda masu sharhin Turai ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne rashin dangi. Mutanen Adamant su kaɗai suke zuwa, su kaɗai suke komawa. Uwa da uba da ƴaƴa a cikin zance kawai suke fitowa, yawanci a matsayin waɗanda aka rasa ko aka rabu da su. Taron da ake yi kowace Litinin, inda ake gabatar da sabon zuwa kuma kowa ya sa abin da yake so a ajanda, ƙoƙari ne na ƙera dandali ga mutanen da ba su da ƙofar gida. Abin lura shi ne likitocin Afirka sun bi wannan hanya daga ɗaya gefen. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane ɗaya tare da ɗan'uwansa, su zo asibiti da rana su kwana cikin jama'a, masu gidajen kuma suna karɓar haya. A asibitin Fann na Dakar, a zamanin Henri Collomb, an shigo da taron dandali da kuma ɗan rakiya mai zama tare da majinyaci. Su suna da dangi suna neman kuɗi, Adamant yana da kuɗi yana neman dangi, kuma fim ɗin ya fi iya nuna wannan yunwa ta biyu fiye da yadda ya nuna abin da ya kashe ta farko.

Adalci ya sa a ce Philibert bai tsaya nan ba. A 2024 ya fitar da fina-finai biyu da suka cika na farko. «Averroès & Rosa Parks», mai ɗauke da sunayen ɗakuna biyu na asibitin Esquirol inda ake kwantar da mutanen yankin, kusan dukansa zama ne tsakanin majinyaci da likita, fuska da fuska, har na fiye da awa biyu. A can ciwo ya fi tsanani, fushi ya fi fitowa, kuma zancen masauki da aiki da ranar sallama yana shigowa da kansa domin shi ne abin da ke damun mutane. Wanda ya kalli shi bayan na farko zai gane cewa jirgin rabin labari ne. Sai dai na farko ne ya ci kyauta, shi ne kuma mafi yawan mutane za su gani.

Ko a cikin «Sur l'Adamant» ɗin akwai wurin da Philibert ya bar tsagin ya bayyana, kuma shi ne wuri mafi ƙarfi a fim ɗin. Kusa da ƙarshe, a cikin taro, wata majinyaciya da ta san rawa ta tashi da buƙatar da ta daɗe tana kawowa: tana so a ba ta damar jagorantar ajin motsa jiki ga sauran. Ma'aikata suna amsawa da taka-tsantsan, ana cewa a duba, a sake tattaunawa. Ita kuma ta ƙi barin zancen ya mutu, muryarta tana hawa, tana tambayar abin da ya sa iyawarta ba ta isa ba. A wannan lokaci layin da fim ɗin ya yi awa ɗaya da rabi yana shafewa ya dawo a fili: akwai waɗanda suke yanke hukunci a cikin jirgin, akwai waɗanda suke roƙo. Philibert bai ɗauki gefe ba, bai kuma yanke wurin ba, duk da cewa yana rage wa wurin da yake so kwarjini. Irin wannan gaskiya ce aka so ya yi game da kuɗi.

Na uku, «La Machine à écrire et autres sources de tracas», shi ne mafi gajarta, kuma ya bi wasu ma'aikatan jinya zuwa gidajen majinyata domin su gyara ƙananan abubuwan da suka lalace. Ɗakuna ne ƙanana, cike da kaya, shiru. Wani dattijo da ke rubuta waƙoƙi biyu kowace rana yana buga su da tsohuwar tafireta, sai ta tsaya, rayuwarsa ma ta nemi tsayawa tare da ita. Ma'aikata biyu suka zo, ba kanikawa ba ne, suka buɗe ta bisa tebur suna leƙa cikinta, suna gwada wannan su gwada wancan, shi kuma yana tsaye a kansu yana kallo. Lokacin aiki ne suke ciki, kuma asusun yankin ne yake biyan wannan yammaci. Fim ɗin bai faɗi haka ba, kyamara tana kan yatsunsu da kan fuskar dattijon har lokacin da harafin farko ya sake bugun takarda.